Gawa Ɗaya, Magada Dubu: Yadda Ingila Ta Sake Binne Sarki Richard na Uku

Ranar Lahadi 22 ga Maris, 2015, mutane kimanin 35,000 suka yi dafifi a bakin titunan birnin Lesta da ke tsakiyar Ingila, birnin da masu kallon ƙwallo suka fi sani da rubutun Leicester. Da yawansu suna riƙe da fararen furanni. Abin da suke jira akwatin gawa ne da dawaki suka ja a kan keke, ga wasu mahaya sanye da sulke da kwalkwali suna yi masa rakiya. Da akwatin ya zo wucewa sai aka yi ta jefa masa furannin. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun yi tafi, wasu kuwa hannunsu na sama da waya suna ɗaukar hoto.

Duk cikin taron babu wanda ya taɓa ganin mamacin, haka ma kakanninsu da kakannin kakanninsu. Sarki Richard na Uku ne, wanda aka kashe a fagen fama tun 1485, shekara 530 ke nan kafin wannan rana. Shi ne kuma sarkin da Turawan Ingila suka tashi suna jin labarinsa a matsayin azzalumin baffa da ya ci amanar marayu. To me ya fito da dubban mutane don su karrama shi? Me kuma ya sa wasu suka ga abin a matsayin abin kunya? Amsar ta fi ba mu labarin rayayyu fiye da na mamacin.

Baffa da 'ya'yan wansa

An haifi Richard a 1452. Ƙane ne ga Sarki Edward na Huɗu, daga gidan sarautar York. Zamaninsu na yaƙin basasa ne tsakanin gidaje biyu 'yan kaka ɗaya, York da Lancaster, kowanne na cewa gadon sarauta nasa ne. Muddin ran wansa, Richard bai saɓa masa ba. Shi ya riƙe masa arewacin ƙasar, mutanen can kuma sun ji daɗin riƙonsa.

A watan Afrilu na 1483 Edward ya mutu, ya bar 'ya'ya maza biyu: yarima mai jiran gado ɗan shekara 12, shi ma sunansa Edward, da ƙanensa ɗan shekara 9. Aka danƙa wa baffansu Richard riƙon ƙasa kafin yaron ya kawo ƙarfi. Ba a cika wata uku ba labari ya sha bamban. Aka fito da maganar cewa marigayi sarki ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata mace kafin ya auri mahaifiyar yaran, saboda haka auren bai inganta ba, yaran kuma ba su da gado. Ranar 6 ga Yuli aka naɗa Richard sarki. Yaran biyu, waɗanda aka sauke a Hasumiyar Landan, wurin da a lokacin fada ne kuma kurkuku, aka daina ganinsu tun kafin shekarar ta ƙare. Tun daga wancan lokaci zargi ya hau kan baffansu.

Mulkinsa bai wuce shekara biyu da wata biyu ba. Ranar 22 ga Agusta, 1485, Henry Tudor, wanda ya ƙetaro daga Faransa da rundunarsa, ya tare shi a filin Bosworth. Richard ya zaburi doki ya nufi Henry da kansa don ya gama yaƙin da sara ɗaya, sai aka yi masa ƙawanya aka kashe shi yana da shekara 32. Shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen yaƙi. Aka tuɓe gawar, aka saɓa ta a bayan doki zuwa Lesta, aka baje ta jama'a su gani su tabbatar. Daga nan wasu 'yan zuhudun Kirista mabiya tafarkin Faransis suka binne shi a cocinsu. A 1538 Sarki Henry na Takwas, ɗan wanda ya ci Richard da yaƙi, ya rufe gidan zuhudun kamar yadda ya yi wa sauran irinsa. Aka rushe ginin, kabari ya ɓace, har aka riƙa cewa an zubar da ƙasusuwan a kogin Soar.

Wanda ya ci yaƙi shi ke da alƙalami. Marubutan zamanin gidan Tudor, irin su Thomas More, sun zana Richard da baƙin fenti. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa, a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, jikar Henry Tudor. Richard na cikin wasan mai ƙusumbi ne, mai shanyayyen hannu, mai kisa yana murmushi. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane shekara ɗari huɗu.

Abin da aka tarar a ƙarƙashin kwalta

Sai dai ba kowa ya yarda da hoton ba. Tun 1924 aka kafa wata ƙungiya, wadda yau ake kira Ƙungiyar Richard na Uku, don wanke sunansa. 'Yan ƙungiyar kan tuna wa mutane cewa majalisar da ya kira a 1484 ta yi dokokin da suka sauƙaƙa beli, suka kuma hana ƙwace dukiyar wanda ake tuhuma kafin a yanke masa hukunci. Wata 'yar ƙungiyar, Philippa Langley, ita ta nace sai an nemo kabarin. Da taimakon masanin tarihi John Ashdown-Hill, da kuɗin da 'yan ƙungiya suka tara daga ƙasashe daban-daban, ta shawo kan hukumar birnin da Jami'ar Lesta aka yarda a yi haƙa a wani wurin ajiye motocin ma'aikatan hukumar.

An fara haƙa ranar 25 ga Agusta, 2012, ƙarƙashin jagorancin Richard Buckley. A ranar farko aka ci karo da ƙasusuwan ƙafa. Da aka buɗe ramin gaba ɗaya sai ga ƙwarangwal a kabarin da ya yi masa kaɗan, kai a jingine da bangon rami, babu alamar akwati ko likkafani. An ƙirga raunuka 11 a ƙasusuwan, tara daga ciki a ƙoƙon kai. Akwai kuma suka da aka yi masa ta baya a ƙashin ƙugu, wadda masana ke ganin bayan ya mutu aka yi ta, don wulaƙanci.

Ƙashin bayansa a karkace yake zuwa gefe, lalurar da ta same shi tun yana saurayi, wadda ta sa kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu tsawo. Hannayensa kuwa lafiyarsu ƙalau. Ke nan Shakespeare ya yi ƙari, amma bai ƙaga komai daga iska ba. A fim ɗin da tashar Channel 4 ta ɗauka lokacin binciken, an ga yadda jikin Langley ya yi sanyi da ta ga ƙashin bayan, domin ta daɗe tana ɗaukar maganar ƙusumbin a matsayin ƙagen abokan gaba.

Gwajin ƙwayoyin halitta, wanda Turi King ta jagoranta, shi ya rufe bakin masu shakka. An gwada ƙasusuwan da na Michael Ibsen, wani kafinta haifaffen Kanada mazaunin Landan, wanda salsalarsa ta wajen uwa ke tuƙewa ga Anne, yayar Richard. Suka dace. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta sanar wa duniya cewa sarkin ne.

Daga nan aka ƙera siffar fuskarsa bisa ƙoƙon kan. Langley ta duba ta ce wannan ba ta yi kama da fuskar azzalumi ba. Mu ma mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mun kuma san mugu ba shi da kama. A nan ne aka fara cakuɗa tambayoyi biyu. Kimiyya ta amsa ta farko, wato ƙasusuwan wane ne. Ta biyu, wato wane irin mutum ne mai ƙasusuwan, babu na'urar da ta taɓa ta.

Kowa ya ce gawarsa ce

Da zarar an tabbatar da sarki ne, sai magada suka fito ta ko'ina. Na farko mutanen York. Hujjarsu ita ce a arewa ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, a gidan sarauta na Middleham, a arewa ya yi mulki, ya kuma yi niyyar kafa wurin addu'a mai limamai ɗari a babbar majami'ar York. Ko a 1485, da labarin mutuwarsa ya iso, hukumar birnin ta rubuta alhininta a littafinta, duk da cewa sabon sarki ya riga ya hau. A ganinsu, barinsa a Lesta daidai yake da barin mutum a garin da aka yi wa gawarsa tsirara. Dubban mutane suka sa hannu a takardun koke ta intanet, mutanen Lesta su ma suka buɗe tasu.

Wasu 'yan tsiraru da suka ce su jikokin 'yan'uwansa ne suka kafa wata ƙungiya mai suna Plantagenet Alliance, suka kai ƙara cewa ba a yi shawara da dangi ba. Matsalar ita ce Richard bai bar zuriyar da ta ɗore ba, ɗansa na aure ya riga shi mutuwa tun 1484. Waɗanda kuwa za su iya bin salsala zuwa ga 'yan'uwansa bayan shekara ɗari biyar, masana sun ce sun kai miliyoyi. Idan kowa dangi ne, wa za a tambaya? Ranar 23 ga Mayu, 2014, alƙalai uku na Babbar Kotu suka yanke cewa lasisin tonon da Ma'aikatar Shari'a ta bayar yana nan daram, a binne shi a Lesta. Babbar majami'ar birnin tana tsallaken titi ne kawai daga inda aka tono shi.

Sai kuma maganar addini. Richard ɗan Katolika ne, ya mutu kusan shekara hamsin kafin Ingila ta ɓalle daga Fafaroma. Wasu 'yan Katolika suka ce ba daidai ba ne cocin da ɗan makashinsa ya kafa, cocin da a sanadinsa aka rushe kabarinsa na farko, ya zama shi zai yi masa jana'iza. Aka raba aikin. Kadinal Vincent Nichols, jagoran Katolika na Ingila a lokacin, ya yi wa'azi ranar da aka shigo da akwatin, washegari kuma ya jagoranci addu'ar mamaci a wani cocin Katolika na birnin. Aka sa carbin addu'a irin nasu a cikin akwatin. Binnewar kanta, ranar Alhamis 26 ga Maris, Babban Limamin Cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ne ya jagoranta.

Masu kuka da masu tsaki

Kafin binnewar an ajiye akwatin kwana uku a majami'ar. Fiye da mutum 20,000 suka bi layi don su wuce ta gabansa, wasu sun yi awa huɗu a tsaye. Akwai waɗanda suka taso daga Amurka da Ostareliya. Ibsen kafinta shi ya ƙera akwatin da hannunsa. An zuba ƙasar wurare uku a kabarin: ta Fotheringhay inda aka haife shi, ta Middleham inda ya zauna, da ta Bosworth inda ya faɗi. Ɗan wasan fim Benedict Cumberbatch ya karanta wata waƙa da Carol Ann Duffy ta rubuta domin ranar.

Masu tsaki ma ba su yi shiru ba. Michael Thornton ya rubuta a jaridar Daily Mail cewa hauka ne a mayar da wanda ake zargi da kisan yara gwarzon ƙasa. Polly Toynbee ta jaridar Guardian ta ga abin a matsayin alamar cewa har yanzu mutanen ƙasarta ba su warke daga durƙusa wa sarauta ba, ko da sarkin ya zama ƙashi. Masanin tarihi David Starkey ya tsaya a talabijin a kan cewa Richard ne ya sa aka kashe yaran. Wasu kuma kuɗin suka duba: gyaran majami'a da hidimar bikin sun ci kimanin fam miliyan 2.5, ko da yake akasari gudummawa ce aka tara, a lokacin da gwamnati ke tsuke bakin aljihu tana rage tallafin marasa ƙarfi.

Fadar Ingila ta bi a hankali. Ba a ba bikin matsayin jana'izar ƙasa ba, Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ba ta halarta ba. Ta tura surukarta Sophie da wasu 'yan gidan sarauta, tare da gajeren saƙon da bai wanke Richard ba, bai kuma tuhume shi ba. Tana da dalili. Ita jinin Henry Tudor ce, wanda ya kashe shi, kuma jinin matar Henry ce, wadda ita ce yayar yaran nan biyu da suka ɓace.

Su kuwa mutanen Lesta, sarkin ya zame musu arziki. Tun watan Yuli na 2014 aka buɗe cibiyar baƙi a kan tsohon kabarin, masu otal da masu sayar da kayan tsaraba suka ga ciniki. Birni ne da ƙidayar 2011 ta nuna Turawa 'yan asalin Birtaniya ba su kai rabin mazaunansa ba. Akwai Hindu da Musulmi da Sikh masu yawa, ciki har da iyalan Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972. Ga da yawa daga cikinsu, rigimar York da Lancaster ba gadonsu ba ce, amma garin nasu ne, baƙon da ya kwana a ƙasarsa shekara ɗari biyar kuma ya zama ɗan gari.

Har ƙwallo ta shigo ciki. Ranar da aka binne sarkin, Leicester City ce ta ƙarshe a teburin Firimiya. Bayan nan ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe ta tsira, a kakar da ta biyo baya kuma ta ɗauki kofin, abin da 'yan caca suka ba wa damar ɗaya cikin 5,000. A shekarar ce ma Ahmed Musa ya koma ƙungiyar. A wannan kakar dai York City ta faɗo daga rukuninta. Magoya baya suka ce albarkacin sarki ne, rabi wasa rabi gaske.

Inda muka tsaya

Mu da muka tashi da jin nauyin kabari, tono mamaci ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, ko da yake mun san akan yi shi bisa larura. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya ɗauke mahaifinsa daga kabarin da aka haɗa shi da wani a Uhudu bayan wata shida, ya sake masa makwanci. Mun kuma san sarakunan da suka kwanta inda abokan gaba suka bar su. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya yana Burmi, inda sojojin Birtaniya suka kashe shi a watan Yuli na 1903. Sarkin Kano Alu yana Lakwaja, inda ya rasu a 1926 cikin zaman gudun dole. Saboda haka ba mu rasa fahimtar ɗan York da ke cewa a mayar da mutum cikin nasa.

A ganinmu, mutanen Lesta sun yi daidai da suka suturta shi. Wanda aka tuɓe, aka soke bayan ya mutu, aka cusa a ramin da bai kai tsawonsa ba, yana bin 'yan'adam bashin kabari, ko mai laifi ne ko marar laifi. Sutura haƙƙin gawa ce, ba ladar hali ba. Inda muke da ja shi ne wurin furannin. Farin furen alamar gidan York ne, jefa shi kuwa kamar kaɗa ƙuri'a ne a shari'ar da ba a gama ba. Da yawa daga masu jefawar sun ɗauka tunda an kama Shakespeare da ƙari a kan hannu da ƙusumbi, to sauran zargin ma ya rushe. Bai rushe ba. Ko an cire maganar kisa, tarihi ya tabbatar da cewa an ba Richard amanar yara biyu, ya karɓe gadonsu, suka ɓace suna hannunsa, kuma bai taɓa fito da su ya kashe jita-jitar ba. A 2023 Langley ta fito da wasu takardu da ta ce suna nuna yaran sun rayu bayan mulkinsa, amma masana tarihi da yawa ba su gamsu ba.

Akwai kuma wani abin lura. Ƙasar da ta yi wannan hidima don ƙashin sarkinta, ita ce a 2023 fadarta ta ƙi amincewa da roƙon Habashawa na a mayar musu da gawar Yarima Alemayehu, ɗan Sarki Tewodros, wanda aka tafi da shi Ingila yana yaro bayan yaƙin Maƙdala na 1868, ya mutu a 1879 yana da shekara 18, aka binne shi a Windsor. Dalilin da aka bayar shi ne tono shi zai taɓa makwancin wasu. Wataƙila haka ne. Amma laifi tudu ne, kuma duk wanda ya ga layin Lesta ya san Turawan Ingila ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ƙashin ɗan sarki ke nufi ga mutanensa.

Yau wanda ya shiga majami'ar Lesta zai tarar da wani faffaɗan dutse mai haske da aka sassaƙa gicciye a kansa, an ɗora shi a kan baƙin dutse mai ɗauke da sunan Richard. Maziyarta ba sa yankewa. A Landan kuwa, cikin majami'ar Westminster, akwai wata 'yar tukunyar farin dutse. A cikinta akwai ƙasusuwan yara biyu da leburori suka tono a ƙarƙashin wata matakala a Hasumiyar Landan a 1674, Sarki Charles na Biyu ya sa aka adana su a matsayin na 'ya'yan Edward. Rabon da a buɗe ta tun 1933, lokacin da babu gwajin ƙwayoyin halitta. Irin gwajin da ya gano baffan zai iya faɗin ko su ne, amma har yanzu ba a ba da izini ba. A makon da aka yi ta jefa wa baffansu furanni, su babu wanda ya bi layi dominsu.